Hoton da Inna Ta Ba Ni Baya

Akwai wani allon katako jingine a bangon ɗakina shekara da shekaru, duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya a kansa. Hoton ɗaki ne: ga gado, ga jeren tasoshi har kusa da rufi, haske yana shigowa ta 'yar taga, ga wata mata zaune a tabarma tana kaɗi, ta juya wa mai kallo baya. Tambayar kowa ɗaya ce, me ya sa ban zana fuskarta ba. Wasu ma ba sa jiran amsa, sai su ce ai malam ya kyauta, ya kauce wa haramun. Nakan ce musu haka ne, don in huta. Amma ba haka ba ne. Matar nan mahaifiyata ce, kuma fuskarta na fi nema a duk zanen da na taɓa yi.

Ni ne ɗan farinta. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi, yaran yanzu ne sai an yi musu bayani kamar ana karanta musu labarin wata ƙasa. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a Mandera, ban dawo gidanmu na Shagari ba sai da na isa shiga makaranta. In na zo gaishe ta, a bakin ƙofa nake durƙusawa, idona a ƙasa, ita kuma ta ja mayafi ta kau da kai ta amsa wa bango. In tana da magana da ni, ƙanwata take faɗa wa, ko da ina tsaye a wurin. "Ce ma wancan tuwo nai na nan." Ni ne wancan. Kada wani ya ce ƙiyayya ce, don wallahi ƙasan tuwon nan kullum akwai tsokar naman da ba a sa wa kowa ba. Kunya ce, irin wadda aka gada, kuma ban taɓa jin ta dame ni ba sai da na fara riƙe buroshi.

A shekarar da farar hula suka karɓi mulki aka tura ni koyarwa a wata firamare a Bodinga. Lokacin sunan garinmu yana bakin kowa a rediyo, mu 'yan Shagari muna tafiya muna buɗa kafaɗa kamar mu aka zaɓa. A hanyata ta zuwa makaranta akwai rumfar wani mai fenti, dattijo mai jan haƙora saboda goro, wanda ke rubuta allunan shaguna da zanen jikin manyan motoci. Kakarsa ta yanke saƙa a shekarun nan, domin kowace jam'iyya tana son allo, kowane ɗan takara yana son a zana shi. Abin dariya, duk ɗan takarar da ya zana kama ɗaya suke fitowa, hula ce kawai ke bambanta su. Amma in ya zana zaki a bayan mota, kai, sai ka ja da baya.

Na yi ta tsayawa ina kallo har ya gaji da ni. Wata rana ya ɗago ya ce, "Malam, kallo kaka yi ko koyo kaka so? In koyo na, ga kananzir can, wanke buroshi." Haka na zama ɗalibinsa da yamma bayan an tashi makaranta, ni da nake da ajin da ke tashi tsaye in na shigo.

Na zaci zaki zai fara koya mini. Sai ya shiga ƙuryar rumfa ya fito da wata takardar kalanda da ya manna a kwali, ya ce wani direba ya kawo masa daga kudu. Hoton zanen wani Bature ne, ban san sunansa ba, shi ma bai sani ba, an yanke rubutun ƙasan. Ɗaki ne mai duhu-duhu. Wani tsoho yana zaune gefen tebur yana gyaran wani abu a hannunsa, wata yarinya tana tsaye bakin ƙofa riƙe da tulu, sai wata mata a kujera ta fuskanci taga, ba a ganin komai nata sai baya da wuya da gefen kunne. Ya ce in kwaikwayi wannan. Na ce har yaushe? Ya ce har sai ya daina jin haushi in ya duba.

Kash, na sha wuya a ɗakin Baturen nan. Da fentin mota nake yi, ragowar gindin gwangwani, a kan guntayen katako da gindin kwali. Karon farko na cika kusurwoyin ɗakin da baƙin fenti, maigidan ya duba ya ce wannan ba ɗaki ba ne, murhu ne. Ya ɗauke gwangwanin baƙin ya ɓoye, ya ce in nemo duhun daga ja da shuɗi da ruwan ƙasa. Na ji haushi ƙwarai, na ce a raina tsohon da ba ya iya raba fuskar mutum biyu shi zai koya mini duhu. Amma na yi, kuma sai ga ɗakin ya buɗe, kamar mutum zai iya sa ƙafa ya shiga. Daga nan na gane hasken tagar nan ba fari ba ne, yana sauka a kafaɗar matar, ya zame a gefen tulun yarinyar, ya ƙare a goshin tsohon. Na kwaikwayi hoton nan sau ba adadi. Har yau in na rufe ido ina iya faɗin inda ƙafar teburin ta ɗan karkace.

Fuskar tsohon da ta yarinyar su suka koya mini fuska. Da na ƙware a kansu, maigidan ya ce shi iyakarsa ke nan, in nemi mai rai in zana. Na zana mai shayin bakin tasha, na zana wani mai kawo albasa daga Danchadi wanda bai iya zama wuri ɗaya ba, na zana mai gadin makarantarmu. Abin da na lura shi ne, ba ka sanin fuskar mutum sai ka zauna ka ƙura mata ido har shi ya gaji kai ma ka gaji. Mai shayin nan kullum ina ganinsa, amma sai ranar da na zana shi na san girarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. A nan ne abin ya faɗo mini: na fi sanin fuskar mai shayi da ta tsohon Bature a kan fuskar wadda ta haife ni. In ta wuce a kasuwa cikin mata, da tafiyarta zan gane ta, ba da fuska ba. Ranar ban iya cin abinci ba.

Inna ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, kuma ba za ta tsaya ba. Na ƙudura a raina ni zan zana ta, a ɗakinta, da jerenta, yadda Baturen nan ya yi wa mutanensa. Ƙarshen mako na ɗaura mafi kyawun kwaikwayona a bayan keke na tafi Shagari. Na jingina shi a tsakar gida, ni kuma na koma zaure ina leƙe. Matan gida suka taru suna dariyar hancin tsohon. Inna ta zo daga baya, ta daɗe tana duba, sannan ta nuna matar da ke kujera ta ce wa ƙanwata, "Wagga ta san kunya." Sai ta koma ɗaki.

Na kira ƙanwata na ce ta gaya wa Inna ina son ta zauna in zana ta. Ƙanwar nan tawa baki gare ta kamar reza, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yaya, lahiyarka ƙalau?" Na ce ta je dai. Ta je ta dawo tana danne dariya. "Ta ce mi wancan za ya yi da huskatta? Ta ce in ba ya da aiki ya tai ya ba jaki ruwa." Raina ya ɓaci. Na faɗi maganganu a zauren nan, na ce wannan wace irin al'ada ce da za ta hana ɗa ganin uwarsa, na ce duhun kai ne, na ce abubuwa da yawa irin na matashin da ya yi boko yana jin kansa. Da ƙarfi na faɗa don ta ji, kuma na san ta ji. Na hau kekena na koma Bodinga ban yi sallama ba.

Mako biyu ban je gida ba. Da na je, ƙanwata ta tare ni a zaure ta ce, "Ɗauko tarkacenka, ɗaki a buɗe yake." Na leƙa. An share ɗakin an yayyafa ruwa, an goge tasoshin jere suna ta ƙyalli, langa da kwalla da fanteka kowanne a mazauninsa, an ɗage labulen tagar da ban taɓa ganin an ɗage ba. Inna tana zaune a tabarma da zanenta na saƙi wanda sai Sallah take ɗaurawa, da taskirar auduga a gefe, da mazari a hannu. Ta fuskanci taga, ta ba ƙofa baya, daidai yadda matar kalandar ta zauna. Har ɗan karkata kan ta yi irin nata. Kallo ɗaya ta yi wa hoton nan a tsakar gida, amma ta riƙe shi duka.

Na tsaya a bakin ƙofa ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. Na ce wa ƙanwata a hankali, fuska nake so. Ta ce, "Abin da ta iya ke nan. Ko ka amsa ko ka bari." Na amsa, amma da gunaguni. Na zauna a dokin ƙofa da katako a cinya na fara.

Mun yi watanni a haka, duk ƙarshen mako bayan azahar, lokacin da rana ke shigowa tagar. Ba ta ce mini uffan, ni ma ba na cewa. Mazari yana juyawa, tana taɓa alli da yatsa tana jan zare, ni ina haɗa ja da shuɗi ina neman duhun ƙarƙashin gado. Warin fenti ya cika ɗakin, ƙanwata tana ta mita wai har furar gidan kananzir take yi, amma Inna ba ta taɓa korata ba. In ƙafarta ta yi sanyi sai ta ɗan gyara zama ta koma daidai inda take. Ban taɓa zama kusa da ita na tsawon lokaci irin wannan ba tun da aka yaye ni. Na san inda kitsonta ya fara furfura a ƙeya, na san wani ɗan tabo a kafaɗarta ta hagu, na san yadda hasken ke bi ta gefen kunnenta. Da ina da hankali da na gode Allah a kan wannan. Ni kuwa kullum lissafina shi ne wannan somin-taɓi ne, wata rana za ta saba da ni ta juyo, in yi na gaske. Shi ya sa na ware wasu 'yan gwangwanaye na ja da ruwan ƙasa na ɓoye a Bodinga, na ce na fuska ne.

Sai duniya ta juya. Aka fara maganar tsuke bakin aljihu a rediyo, albashin malamai ya riƙa makara har mutum ya manta kamanninsa, sabulu da madara sai an yi layi. Fenti ya ɓace daga kantunan Sakkwato, wanda ya rage kuma sai mai kwangila. Da sojoji suka karɓi mulki babu sauran ɗan takarar da za a zana, masu motoci kuma taya suke nema ba zaki ba. Maigidana ya rufe rumfa ya koma noman albasa a fadama. Ranar da zai tafi ya miƙo mini kalandar nan ya ce in riƙe, shi ya gaji da kallon mutanen da ba sa gaisuwa. Na buɗe gwangwanayen da na ɓoye in duba, na tarar zafi ya shige su, sun daskare kamar ƙanzo. Na zuba kananzir na dama, na dama, a banza.

Damina ta zo ta yi gardama, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Rumbunmu ya yi ƙasa tun kafin rani ya yi nisa. Abin da nake samu ina kaiwa gida, amma bakin da ke ci ya fi shi yawa. Inna ta fara sauke jerenta tana ba dillaliya, yau langa, gobe kwalla, ana dawo mata da tiyar dawa. Duk zuwan da zan yi sai in ga bangon ya ƙara fitowa fili, da zagayen inda kowace tasa ta zauna tun ranar da aka kawo Inna gidan. Zanen saƙin ma ya tafi. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, ƙanwata ce ke kuka a madadinta. Hoton da na yi ya zama shi kaɗai ne wurin da ɗakin nan yake a cike.

Cikin bazara ciwo ya kwantar da ita, tari da zazzaɓi. Na zo wata Asabar bayan azahar na durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum na gaishe ta. Tana zaune a tabarma ta jingina da gado, ta rame ƙwarai, ko ta baya ana gani. Ta ce wa ƙanwata ta je maƙwabta ta aro mata turmi. Ƙanwata ta ce ai ga turmi a gida. Inna ta ce ta je dai. Ta fita tana waiwaye, aka bar mu mu biyu.

Sai na ji ta ce, "Kai."

Na waiwaya in ga da wa take. Babu kowa. Da ni take, ba ta bakin kowa ba, karo na farko a rayuwata.

"Abin ga da kaka shahwawa ga katako, da saura?"

Na ce, "Ya ƙare, Inna. Ya bushe."

Ta yi tari. Sannan ta ce, "Ido hwa? Shi ma ya bushe?"

Na ji motsin tabarma, na ji ta jawo jiki da ƙyar ta juyo, na ga gefen mayafinta ya sauka ƙasa kusa da gwiwata. Ta ce, "To duba. Ga ni."

Abin da na yi shekaru ina nema ke nan, a gabana, tazarar hannu ɗaya, ga hasken tagar yana sauka daidai inda nake so. Ni da na ƙure mai shayi da ido har ya ce in bar shi ya sha iska, ni da na tsaya a zaure ina ihun duhun kai. Wallahi wuyana ya ƙi ɗaguwa. Kamar an ɗora mini buhun gero a ƙeya. Na ce wa kaina ɗaga, ɗaga mana, idona ya tashi ya kai hannuwanta da ke kan gwiwa, ya kai wuyan rigarta, ya tsaya nan ya komo ƙasa. Ina iya faɗa maka yadda saƙar tabarmar nan take, jan kaba biyu a tsakiya da inda gefenta ya fara zarewa, don ita na kalla. Abin da bakina ya iya fitarwa shi ne, "Inna, ki kwanta ki huta."

Ta jira ni. Ta daɗe tana jira, ina jin numfashinta. Sannan ta yi wata 'yar dariya mara ƙarfi ta ce, "Ashe kai ma kana da kunya." Ban san ko daɗi ta ji ko haushi ba, don sai a fuska ake gane wannan, ni kuwa ban duba ba. Na ga hannunta ya ɗauke mayafin daga ƙasa. Ƙanwata ta shigo tana jan turmin mutane tana mita, shi ke nan.

Na koma Bodinga ina cewa mako mai zuwa zan daure, ko da gawayi ne zan zana ta. Ranar Laraba ina cikin aji aka aiko. Kafin keke ya kai ni Shagari an yi mata sutura an kai ta, na tarar da maza suna dawowa daga maƙabarta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Da abubuwa suka ɗan lafa fenti ya dawo kasuwa, na sayi sabo na gwada zana ta da ka. Ƙanwata ta zauna tana ba ni bayani, ta ce tana da wushirya, ta ce idonta ɗaya yakan ɗan lumshe in tana murmushi. Ni ban san tana da wushirya ba. Na yi, na sake, na kuma sakewa, duk wanda na gama sai ƙanwata ta duba ta girgiza kai ta ce, "Wagga ni ta, ba Inna ba." Daga ƙarshe na zama kamar maigidana, duk macen da na zana kama ɗaya take fitowa. Na ajiye buroshi, na ci gaba da alli da allon makaranta har na yi ritaya. Baƙin cikin abin nan bai taɓa sakina ba, kuma ban ga wanda zan ɗora wa laifi ba. Ita ta yi nata, ta karya abin da ta riƙe tun tana yarinya saboda ni.

Kwanakin baya ɗiyata ta zo da 'yarta ƙarama, wadda aka sa wa sunan Inna. Ni kuma don haka ba na kiran sunan yarinyar, Inna nake ce mata. Ta tsaya gaban katakon ta ce, "Kaka, wace ce wannan?" Na ce mai sunanki ce. Ta ce, "Don me ba ta kallonmu?" Na ce aiki take yi. Sai yarinyar ta kama gefen katakon da hannu biyu ta janye shi daga bango, ta zura kai ta baya don ta gan ta ta gaba. Ta daɗe a can. Ta fito da yanar gizo-gizo a goshi ta ce, "Kaka, ta nan ma ba ta nan."

Na ce na sani, Inna. Mayar da shi yadda yake.